Maƙerin fari na Kurmi da tsofaffin kwanson harsashin kakanmu

In kana da tsohon kayan tagulla a gida da kake so a gyara maka ko a mayar da shi wani abu daban, akwai wani dattijo maƙerin fari a cikin kasuwar Kurmi ta Kano da zan iya cewa ka kai masa hankalinka kwance, amma fa da sharaɗi biyu, kar ka zama mai gaggawa, kuma ranar da za a goge kayan ka tsaya a kansu da ƙafarka kar ka bar wa yaran shago. Sunansa kam ba zan saka ba, shi da kansa yace kar in saka, saboda irin kayan da na kai masa ba ya so gobe wani ya kwaso masa abin da zai ja masa magana. Na kuma ga gaskiyarsa.

Abin da na kai masa kwanson harsashi ne, tsofaffi, fanko, waɗanda aka harba tun iyayenmu ba su zo duniya ba. Kakanmu Allah ya jiƙansa yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama, cikin rundunonin nan biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82 da aka kafa a 1943, da ya dawo kuma ya daɗe yana farauta da bindiga mai baki biyu da lasisinsa tun zamanin En'e. Bindigar tuni aka mayar wa hukuma bayan rasuwarsa. Abin da ya rage wani akwatin kwano ne da aka jawo daga ƙarƙashin gado da ake gyaran ɗakin Hajiya, a ciki akwai lambobin yabo da bel da wani littafi da gara ta cinye rabinsa, sai kwanson nan iri biyu. Akwai sirara masu wuya na bindigar soja .303, irin wadda tsofaffin 'yan sanda ke kira mak-fo, akwai kuma masu kauri miƙaƙƙu na bindigar farauta, su kuma tagulla ce zalla daga gindi har baki, ba roba ba takarda. Hajiya cewa tayi a ba 'yan gwangwan su auna a huta, nace haba Hajiya, abin da mutum ya ajiye shekara da shekaru ai ba a sayar da shi a kan sikeli. So nake a yi wa Kawu kan sanda da ɗaya, a yi mana maƙalin makulli mu jikoki, sannan a yi wa Hajiyar abin zuba kwalli.

Shagon ba wani shago ba ne, rumfa ce a lungu, in ka shiga ta ɓangaren Jakara ka bar babur ɗinka a waje ka taka, don lungunan Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da aka kafa kasuwar ba a yi su don abin hawa ba. Ka tambayi layin masu kayan doki, daga nan kunnenka zai kai ka. Yana zaune kan buzu, gabansa 'yar uwar maƙera, gefe zugazugi da gawayi, ga masaba ƙanana da manya, ga awartaki da magagari kala-kala a cikin wani tsohon gwangwanin madara. Yawancin aikinsa kayan doki ne, likkafa da adon linzami, sai mundaye da zobba da gyaran tsofaffin farantai. Na zamani ɗaya ne a wurin, injin goge da yaransa ke kunnawa in an kawo wuta, kuma shi ne ya ɓata min rai, zan zo kan wannan.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai ce min komai ba da na zazzage ledar. Ɗaya bayan ɗaya ya ɗauka, ya leƙa ciki ta wajen haske, ya juya gindin ya duba ko akwai lotsawar da ke nuna an harba, ya ƙwanƙwasa a kan uwar maƙera yana saurare. Sai da ya gama duka sannan ya ɗago yace, yaro, in da na samu guda ɗaya mai rai a ciki da yanzu kana hanyar ofishin 'yan sanda da shi, ni ba na kusantar da irinsa wuta. Sannan ya kafa min sharaɗi, duk kwanson da zai kwana a rumfarsa sai ya huda shi ta gefe ko ya yanke shi a gabana yanzu-yanzu, ta yadda ba zai ƙara shiga bakin bindiga ya yi wani amfani ba har abada. Nace Baba ai fanko ne. Yace fanko a wajenka.

Kuma wallahi dattijon nan ya fi ni sanin doka ko da bai taɓa buɗe ta ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba cikakken harsashi kaɗai take kira harsashi ba, har da ɓangarorinsa, kwanso kuwa ɓangare ne. Dokar ta kasa bindigogi uku, na soja lasisinsu sai shugaban ƙasa, na farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu sai Sufeto Janar, bindigar toka kuma kwamishinan 'yan sandan jiha, ƙera bindiga ko harsashi kuwa ba abu ne da mutum zai tashi ya fara a zaure ba, shi ya sa ake da masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, DICON, a Kaduna tun 1964. Duk wanda ya zauna a Kano bayan harin 20 ga Janairun 2012 ya san yadda bincike yake a shingen jami'an tsaro, ka yi tunanin a buɗe ledarka a ga kwanso ka fara bayanin kakanka da Bama. Don haka hujin nan da ya yi, ni ya taimaka wa kafin kansa.

To ƙanina da ya raka ni shi ne ya ɓallo zancen da ya sa muka daɗe a rumfar. Yaron nan ba ya rabuwa da YouTube, ya ciro waya yana nuna wa Baba bidiyon wani Bature a Amurka da ke ɗaukar irin wannan kwanson na .303 yana miƙar da wuyansa ya koma kwanson bindigar farauta ƙarama da ake kira .410, wanda za a iya sake cikawa a harba a sake cikawa. Yace Baba kai ma ai za ka iya wannan. Baba ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa ya kalla har ƙarshe, ya miƙa masa yace iyawa daban, yi daban, ni mai yi wa doki ado ne.

Abin da ke cikin bidiyon dai gaskiya ne, ba siddabaru ba ne, kuma ba yau aka fara ba. Sirrin a gindin kwanson yake. Kwanson .303 yana da leɓe a gindi wanda ya ɗan fi jikinsa faɗi, kuma faɗin leɓen nan kusan ɗaya yake da na .410, shi ya sa yake zama daram a ɗakin bindigar. Bambancin kawai na soja yana da kafaɗa da siririn wuya don ya riƙe harsashi guda, na farauta kuwa miƙaƙƙe ne don a zuba masa ƙananan ƙwayoyin dalma. Tsawon na sojan milimita 56 ne, ɗan gajeren .410 kuma inci biyu da rabi, wato wajen milimita 63, don haka yakan fito ɗan guntu. Turawan Ingila da kansu sun yi wannan a Indiya, a masana'antar Ishapore kusa da Kalkata, inda suka riƙa sauya tsofaffin bindigogin soja na Lee-Enfield su koma masu cin harsashi ɗaya na .410 don 'yan sanda da gandirobobi, harsashin kuma da kwanson .303 ɗin da ba a matse wa wuya ba ake yinsa. Yau masu sha'awar abin a Amurka har da kwanson .444 Marlin suke yi, wanda shi dama kusan miƙaƙƙe ne tun daga kamfani. A can doka ta yarda mutum ya cika harsashinsa a gida, akwai littattafan awo da sikeli da kayan aiki a kanti, kuma harsashin .410 duk ƙanƙantarsa yakan fi na babbar bindiga tsada saboda ba a yinsa da yawa, to ka ga dalilinsu. Mu nan ba dokar ba kayan awon, sai ƙarfin hali da asarar yatsu.

Af, wannan lambar ma tana rikita mutane. Bindigar farauta da aka fi sani a nan ita ce lamba 12, kuma ma'anar 12 ɗin shi ne in ka mulmula dalma daidai faɗin bakin bindigar, guda 12 ne za su yi nauyin laba ɗaya, faɗin ya kai wajen milimita 18 da rabi. Shi ya sa lamba 20 ta fi lamba 12 ƙanƙanta, abin a juye yake. Ita kuwa .410 ba ta bi wannan lissafin ba, awon inci ne kai tsaye, milimita 10 da 'yan kai.

Masu kaurin nan na kakanmu su ne suka fi ɗaukar hankalin Baba, ya daɗe yana juya ɗaya a hannu yana cewa ka ga aiki, ba mahaɗi ba walda. Lamba 12 ne, an buga Kynoch a gindinsu, wani tsohon kamfani na Birmingham. Asali dama da tagulla aka fara yin kwanson bindigar farauta, daga baya aka koma takarda saboda araha, sai dai takarda in ta sha laima kumbura take yi ta ƙi shiga bindiga, shi ya sa ma a yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka suka koma wa na tagulla a dazuzzukan tsibiran Fasifik. Roba kuwa sai a 1960 kamfanin Remington ya fito da ita, ita ce jar nan da koriyar da kowa ya sani yanzu. Har gobe akwai masu yin na tagulla sabbi, kamar Magtech na Burazil. Ga mafarauci irin kakanmu da ke shiga daji da damina a wancan zamanin, na gane dalilin da ya sa ya riƙe su da daraja.

Amma inda dattijon nan ya gama da ni shi ne da ya ce wa ƙanina, ko da doka ta yarda, waɗannan naku sun mutu. Ya ware wasu guda daga cikin na sojan ya ce mu duba wuyansu da kyau, sai ga tsaga siririya kamar gashi, mu duk ba mu lura ba. Yace tagulla in ta tsufa a wurin da bai dace ba da kanta take tsagewa ba wanda ya taɓa ta, ya tambaye ni ko an taɓa ajiye akwatin kusa da dabbobi. Kuma haka ne, shekaru akwatin ya yi a ɗakin da ke jikin turken tumaki kafin ya koma ɗakin Hajiya. Yace shi kullum faɗan da yake yi da masu dawakai kenan, su kawo likkafa ta tsage su ce aikinsa ne ba kyau, alhali a barga suke rataye ta tana shaƙar zaurin fitsari. Wannan abin da ya faɗa daga gogewa, a littafi ma haka yake, kuma abin mamaki a kan kwanson harsashi aka gano shi. Sojojin Ingila a Indiya sun riƙa ajiye harsasai a bargar dawakai lokacin damina, in rani ya yi su tarar kwanso ya tsattsage, suka ɗauka laifin yanayi ne, sai a 1921 masana suka bayyana cewa sinadarin amoniya na fitsarin doki ne ke haɗuwa da taurin da ya rage a jikin tagullar tun daga ƙira ya tsaga ta. Da na gaya masa dariya ya yi yace to ai su sai da suka yi bincike.

Saboda haka ne ma ba ya son Brasso, man goge ƙarfen nan na kanti, a kan siririyar tagulla, don akwai amoniya a cikinsa. Shi tsamiya yake jiƙawa ya tsoma kayan su ɗan jima, ya fito da su ya cuɗa da toka mai laushi da tsumma, ya ɗauraye ya shanya a rana. Koren tsatsan nan duk ya fita amma kalar ba ta yin ƙyallin banza, tana fitowa ruwan zuma-zuma. Ni dai wannan kalar ta fi min.

Akwai kuma wata matsalar da tsofaffin kwanson soja na Ingila ke da ita wadda bidiyon bai faɗa ba. 'Yar hular da ke gindi wadda ake buga wa ta tashi wuta, ta wancan zamanin akwai sinadarin zaiba a cikinta, in an harba yana shiga jikin tagullar ya sa ta yi gautsi. Sannan in ka leƙa ciki za ka ga ƙananan huji biyu maimakon ɗaya a tsakiya, wato tsarin Berdan, wanda masu sake cikawa ba sa so don wahalar cire hular, sun fi son tsarin Boxer mai huji ɗaya. Abin dariyar shi ne Berdan Ba'amurke ne amma sojojin Turai ne suka rungumi nasa, Boxer kuwa hafsan Ingila ne amma Amurkawa suka ɗauki nasa. Kowa ya raina na gida.

Aikin kansa na zauna na kalli wani ɓangare, kuma a nan ne kuɗina ya halatta. Tagullar kwanso kashi 70 jan ƙarfe ce kashi 30 tutiya, haɗin da ya fi kowane jure miƙewa da lanƙwasa, shi ya sa maƙeran fari ke sonta. Amma tana da hali, duk bugun da ka yi mata ƙara tauri take, in ka ci gaba ba ka sassauta mata ba sai ta dare. To shi Baba yana bugawa yana saurare, da ya ji sautin ya canja sai ya ɗauka da awartaki ya kai bakin gawayi, yaro ya ɗan zuga, yana kallon kalar, kafin ta yi ja sosai ya cire ya tsoma a ruwa. Nace Baba ba za ta yi tauri ba da ka sa ta a ruwa? Yace wannan ai karatun maƙeran baƙi ne, baƙin ƙarfe ne ke tauri in an tsoma shi da zafi, tagulla ko ka tsoma ko ka bari ta huce da kanta laushinta ɗaya, ruwan don kar ya ƙona hannu ne kawai ya ci gaba da aiki. Kuma haka abin yake. In wutar ta yi yawa kuma ta lalace, narkewarta kuwa sai sama da digiri 900. Ba ma'aunin zafi ba komai a rumfar nan, ido ne da kunne.

Kan sandar Kawu ya fito fiye da yadda na zata. Ɗaya daga cikin masu kaurin ya yanke, ya ɗan buɗe bakin ya shige kan sandar kanya cif ba tare da gam ba, ya kafe da 'yan ƙusoshin tagulla biyu da ya yanko daga ragowar, sannan ya zana masa dagi a jiki da wani ɗan ƙarfe mai tsini, da hannu, ba zane a takarda ba komai. Rubutun gindin ya bar shi a sama daidai inda tafin hannu ke dafawa. Na ga aikin tagulla na Bida, Nufawa sun iya ƙwarai, amma wannan zanen ba zai ji kunya a gabansu ba.

Yanzu ga inda aka ɓata. Rubutun nan na gindin kwanso shi ne duk tarihin abin. A kan na sojan akwai masu K na Kynoch, akwai masu RG na masana'antar Radway Green ta Ingila, akwai guda biyu masu KF da 'yar kibiya a tsakani, na masana'antar Kirkee ta Indiya, ga shekara 1943, ga VII da ke nuna samfuri na bakwai wanda aka fara tun 1910. Waɗannan biyun na Indiya su na fi so, don su ne suka fi kusa da inda tsohon ya yi yaƙi. Na faɗa, na maimaita, nace kar a taɓa gindin. Ranar da aka kawo wuta Baba ya tafi jana'iza, yaron shago ya ga maƙalan makulli a ajiye ya ce bari ya burge, ya ɗora su a injin goge. Da na zo karɓa suna ta walƙiya kamar na kanti, na juya ɗaya daga na Indiyan, shekarar ta shafe saura inuwarta, kibiyar ma sai ka karkata shi a rana. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Baba bai kare yaron ba, bai kuma yi min dogon bayani ba, yace laifina ne da ban ɓoye su ba, ya cire kuɗin wannan ɗin daga lissafi. To amma abin da ya goge ya goge, ba a mayar da shi. Wannan matsalar ba tasa ba ce shi kaɗai, yawancin masu sana'ar hannu a garin nan yaransu gani suke ƙyalli shi ne kyau, ka kai tsohon abu su mayar maka da shi sabo suna jiran ka yaba.

Abin kwallin Hajiya kuwa ƙin yi ya yi ƙememe. Yace abin da ya sha albarushi da dalma shekara da shekaru ba ya kusantar ido, ko an wanke, balle a gidan da jikoki ke ɗaukar komai su kai baki. Na so in yi gardama sai na tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, na yi shiru. Ya kuma ce kar a bar yara su mayar da maƙalan usur suna hurawa, don ya san halinsu. A madadin haka ya yanko sabuwar tagulla daga falle ya yi mata ɗan abin kwalli mai murfi da siffar kwanson, in ba an gaya maka ba ba za ka bambance ba. Da wani ne, da karɓar kuɗi zai yi ya yi abin da aka ce masa kawai.

Maganar lokaci kuwa sai haƙuri. In yace maka jibi, ka ɗauka sati mai zuwa, in yace sati ka ƙara masa wani. Ni kuma na kai aikin ana dab da azumi, lokacin da masu hawan sallah suka yi masa caa da kayan dawakai, kowa na so a gama masa kafin hawan Daushe, to ƙaramin aiki irin nawa kullum shi ake turawa ƙarƙashin buzu. Ba ya ɗaga waya in yana gaban wuta, kuma kusan kullum yana gaban wuta. Babu risit, babu littafin da ake rubuta kayan wa aka karɓa, a ka yake riƙe komai, gaskiya bai manta ko ɗaya ba amma ni hankalina bai kwanta da hakan ba, don haka ka ɗauki hoton kayanka a gabansa kafin ka tafi.

Kuɗi, duka-duka da kan sanda da maƙalai da abin kwallin da ya yi da tagullarsa naira dubu goma sha takwas na biya bayan ya cire na wanda aka ɓata. Ba ya dogon ciniki, yakan faɗi kuɗi sau ɗaya, in ka rage ya yi murmushi ya ci gaba da bugunsa har ka gaji ka dawo kan maganarsa. A ganina bai yi tsada ba in ka duba awannin da zanen dagin nan kaɗai ya ci. Ba ya karɓar tiransifa, sai ka je wajen mai POS na bakin layi ka ciro, shi ma da cajinsa, don haka ka taho da tsabar kuɗi.

Wanda zai je, ya bari sai bayan sallah da kamar sati biyu, ya je da safe kafin azahar lokacin idonsa bai gaji ba. In tsohon kwanso ne irin nawa ka tabbatar fanko ne tun daga gida, in ka ga mai harsashi a baki ko wanda gindinsa bai lotsa ba kar ka saka shi a aljihu ka hau adaidaita, kar ka ce za ka ɓanɓare shi ka gani, ka bar shi inda yake ka sanar da 'yan sanda ta hannun mai unguwa. Kuma duk wanda zai je da niyyar a gyara masa wani abu da zai harbu ya huta da kuɗin mota, a gabana wani ya zo da maganar gyaran kunamar bindigar toka, Baba ko ɗagowa bai yi ba yace ba nan ba ne.